Maganin da Yaya Ya Raba

Ni ce na fara ganin ciwon Yaya da idona, kuma har yau ina jin haushin cewa ni ce. Aikina ke nan, gwajin jini, a wani ɗakin gwaji a Kaduna. Shi kuwa yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi kuma mai sayen masara a Birnin Gwari, mutumin da bai taɓa kwana a asibiti ba, yana kuma taƙama da hakan kamar wani digiri.

Ya shigo Kaduna neman kayan injin feshi, ya biyo gidana cin abincin rana. Na ga wuyansa ya zurma, ido ya faɗa, amma ciki ya turo riga ta ɓangaren hagu. Loma huɗu ya yi ya ture kwano, wai ya ƙoshi. Yayan da na sani yakan tashi da malmala uku ya tambayi ko akwai ƙanzo.

"Saifa ce, Auta," in ji shi. "Wa ye ba shi da ita a garinmu? Ina shan sassaƙe."

Ban tsaya gardama ba. Na sa shi gaba har wurin aikinmu, na ɗebi jininsa, na shafa a gilashi na leƙa. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ya kamata in yi ta nema ina samun ɗaya nan ɗaya can, sun cika fili maƙil, manya da ƙanana, da waɗanda ba su isa fitowa daga ɓargo ba. Na kira abokiyar aikina ta duba, don ina fatan idona ne. Ta duba, ta ɗago, ta kasa kallona. Shi kuma yana waje a kan benci yana koya wa maigadi yadda ake gane masarar da ba ta bushe ba.

Likitoci suka tabbatar, sankarar jini ce, irin mai tafiya a hankali. Ni aka bar wa aikin yi masa bayani da Hausa, na kuwa zauna na yi masa, dalla-dalla, don kada ya ce gobe ba a faɗa masa ba.

Na ce masa jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma ba sa yin komai sai an aiko musu da saƙo: ku rabu, ku tsaya, ku girma, ku mutu. Masu kai saƙon wasu sinadarai ne da ake kira furotin, su ma a kwance suke sai an tashe su. Mai tashin su shi ake kira inzayim. Yakan ɗauko wani ɗan guntun abu mai suna fosfet ya manna wa furotin, da ya manna sai furotin ya miƙe ya kai saƙo. In aiki ya ƙare, wani inzayim daban ya zo ya ɓalle abin da aka manna, furotin ya koma ya kwanta. Da wannan mannawa da ɓallewa ake gina jariri a cikin uwarsa, da shi rauni yake haɗewa, da shi ɓargo yake sanin yawan jinin da zai yi. A ɓargon Yaya, wasu zaruruwa biyu masu ɗauke da gadon halitta sun karye sun haɗe ba daidai ba, suka haifar da inzayim da bai san tsayawa ba. Safe da yamma mannawa yake yi, saƙo ɗaya yake aikawa, a rabu, a ƙara rabuwa. Saifar ta kumbura ne saboda ita take kwasar tarin da ya yi yawa.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To shi wannan Inzayimun, ɗan gidan wa ye, da ba ya jin magana?"

Dariya yake so in yi, ban yi ba. Na ce akwai magani, kuma maganin yana shiga ne cikin wani ɗan aljihu a jikin inzayim ɗin ya toshe, ya hana shi aiki. Na ce, "Ka san dutsen da kuke tokare tayar babbar mota da shi in ana lodi a gangare? Shi ne maganin nan. Ba ya gyara birki. Ranar da ka zare shi, mota ta tafi. Ƙwaya huɗu kullum, Yaya, har iyakar rayuwa."

"Na gane," ya ce. Ya gane ɗin kuwa, shi ya sa ba ni da uzurin da zan ba shi.

A wani babban asibiti can kudu ake bayar da maganin, kyauta, amma sai mai ciwo ya je da kansa an duba shi an ba shi na 'yan watanni. Yaya ba ya jin Turanci, don haka ni ce bakinsa. Kowane zuwa, sai na fara ratsa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari in ɗauko shi. Wanda bai bi hanyar nan a shekarun ba, kada ya ce mini ya san tsoro. A jera motoci tun safe ana jiran rakiyar sojoji, in an tashi kowa ya yi tsit, direba ya kashe rediyo, ana ta leƙen daji hagu da dama. Ka ga ƙonanniyar mota a gefen titi ka yi kamar ba ka gani ba. Na tsani hanyar nan, na tsani kowane rami da yake sa direba rage gudu. Daga gida kuma mu miƙa kudu ta Tegina, yini guda cur a zaune, ƙafa ta kumbura. Na bar 'ya'yana wurin maƙwabta, na ci hutuna na shekara a tasha. Ban yi don a gode mini ba, amma ban yi don a wulaƙanta wahalar ba.

Maganin ya yi aiki kamar a mafarki. Cikin wata biyu ciki ya saɓe, ya koma cin tuwonsa, ya koma hawa babur yana zagaya ƙauyuka har Kutemeshi neman masara. Mutane suka gani. Nan matsalar ta faro.

A wurinmu magani ba na mutum ɗaya ba ne. In ka sha ka ji daɗi, ragowar ta zama ta jama'a. Kowace tsohuwa tana da ƙullin leda cike da ƙwayoyin da ba ta san sunansu ba, wannan na ciwon baya ne da wance ta ba ta, wancan na hawan jinin marigayi mijinta ne amma yana yi wa jiri. Wanda Allah ya ba lafiya kuma ya ɓoye abin da ya warkar da shi, ana yi masa kallon marar godiya. Ga shi saifa ta cika garin, yawancinta ta zazzaɓin cizon sauro ce, babu ruwanta da ciwon Yaya. Amma wa zai bambance? Ciki dai ciki ne, kumburi kumburi ne.

Lokacin kaka na je gida, ina zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa da matar Yaya, sai ga wata mata ta yi sallama. Bayan gaisuwa ta ce a taimaka mata da maganin saifar nan na maigida, ko guda uku ne, na ƙaninta. Matar Yaya ta kakkaɓe zani ta shiga ɗaki, ta fito tana naɗe ƙwayoyi a 'yar takarda, kamar mai ba da gishiri. Na karɓe takardar daga hannunta kafin ta miƙa.

"Tun yaushe ake wannan?"

Matar Yaya ta ce, "Ai Gwaggo, tun da ya samu sauƙi. Shi ya ce kada a hana kowa."

Na jira shi ya dawo daga kasuwa. Ban bari ya cire takalmi ba. A gaban matarsa, a gaban baƙuwar da ta ƙi tafiya don ta ga ƙarshen abin, na wanke shi tas. Na ce masa ni ba baiwar garin nan ba ce, ban ratsa daji don in yi wa unguwa rabon alewa ba. Na tambaye shi kwana nawa ya yi bai sha ba saboda ya ƙare kafin lokaci. Ya ce bai fi kwana goma ba, kuma bai ji komai ba.

"Kyauta aka ba ni, Auta," ya ce, ko a jikinsa. "Mutanen da ba su san ni ba, ba yarenmu ɗaya ba, suka ba ni kyauta. Sai ni in dawo gida in ce wa maƙwabcina babu? Da wane bakin?"

"Da bakin da za ka ce wa 'ya'yanka ka zaɓi maƙwabci ka bar su marayu."

Wannan ta shige shi, na kuma ji daɗi da ta shige shi.

Washegari na hau acaɓa na bi gidajen da aka kai maganin ɗaya bayan ɗaya ina karɓowa. Wasu sun shanye, wasu sun ajiye don wata rana, wata kuma ta ba wa akuyarta. A wani gida na tarar da wadda ta sha tana da ciki wata uku. Nan na tsorata, domin maganin ba inzayim ɗin Yaya kaɗai yake toshewa ba, yana taɓa wasu 'yan uwansa da suke aikin tsara jariri, su ne suke gaya wa ƙwayoyin halitta inda za su zama ƙashi da inda za su zama jijiya. Na tilasta wa mijinta ya kai ta awo, na yi wata shida ina fargaba. Ta haifi 'yarta lafiya lau, alhamdu lillahi. Maimakon su gode Allah da suka sha da ƙyar, sai aka mai da ni abin zance: ga shi babu abin da ya faru, boko ne kawai da rowa. Har gidan suna ana nuna ni da baki. Na ce su yi, in dai za su bar ƙofar gidanmu.

Daga nan na kafa doka. Maganin ya koma akwatin matar Yaya, da kwaɗo. Kowace Juma'a in kira ta a waya, ta juye ta ƙirga mini abin da ya rage, ni kuma ina da lissafin kwanaki. Huɗu a rana. Mako bayan mako, abin da ya rage yana fitowa daidai. Na saki jiki, har ina yabon kaina.

A daminar da ta biyo ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan bakin daji, mutane suka yi ta kwararowa cikin gari da tabarmi da tukwane. Gidan Yaya ya cika, kamar yadda kowa zai zata. Yawancinsu suka watse bayan 'yan makonni, amma mutum ɗaya ya zauna a shagon ƙofar gida. Manomi ne daga wajen Dogon Dawa, wanda Yaya ya shekara da shekaru yana sayen masararsa. An ƙone masa rumbuna, iyalinsa sun koma wurin dangin matarsa. Sukan zauna da Yaya a ƙarƙashin dalbejiya suna hira, rabi Hausa rabi Gbagyi, wadda ni na manta tun ina firamare.

Na gan shi da na zo ɗaukar Yaya. Ya tashi da ƙyar ya gaishe ni, ramamme, ciki ya turo ta hagu. Ni mai gwajin jini ce, idona ya ga abin da ya gani. Amma na riga na ƙoshi da saifar mutane. Na kau da kai, na shiga gida, na ɗaga murya yadda za a ji har shago, na ce wa matar Yaya duk wanda na ƙara jin ya nemi maganin nan, ko wane ne shi, hukuma ce za ta raba mu, kuma sai ya bar gidan. Na faɗa don ya ji, ya kuwa ji.

Wajen shekara guda komai shiru. Sai gwaji ya fara nuna ciwon yana ɗagowa. Likitan kudu ya dube ni ya ce, yana sha kuwa yadda aka ce? Na ce ni ce shaida, ina da lissafin kowace ƙwaya. Har raina ya ɓaci da tambayar. Yaya yana zaune yana kallon fanka, na ɗauka don ba ya jin abin da muke cewa ne.

Aka yi gwaji mai zurfi, aka ce inzayim ɗin ya canza siffa. Na san abin da hakan yake nufi. Cikin ɗimbin ƙwayoyin ciwon, akan sami 'yan kaɗan da aljihun nan nasu ya ɗan karkace, maganin ba ya zama a ciki sosai. Yana iya faruwa ko ga mai shan magani daidai, amma in maganin bai kai yadda ake buƙata a jini ba, an ba ciwon fili ya yi ta hayayyafa har irin waɗannan su fito su mamaye ɓargo. Aka nemo wani magani na biyu da ƙyar. Ya riƙe shi 'yan watanni, ya saki. Zazzaɓi ya zo, dasashi ya fara jini, mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa bayi. Na dawo da shi Kaduna aka kwantar da shi.

Wata rana bayan la'asar, matarsa ta fita wanke kwanuka, ya ce in matso.

"Auta, zan faɗa miki abu, amma kada ki yi faɗa a nan, akwai marasa lafiya."

Na ce ina ji.

"Mutumin shagon nan. Biyu nake sha, in ba shi biyu."

Ban gane ba da farko. Ya ce kullum da safe matarsa takan buɗe akwati ta ba shi huɗu, ya fita da su zaure da kofin ruwa. Ita ba ta sani ba. Ya ce ya ga mutumin yana mutuwa a ƙofar gidansa da irin ramar da ya yi, irin gumin, irin ƙoshin loma huɗu. Ya gwada ba shi, cikin mako uku mutumin ya fara cin abinci. Sauran da aka ba a baya ba wanda ya ji wani canji na gaske, wannan kuwa da an tsaya kwana biyu sai ciwon ya dawo masa.

"Sai na san irin nawa ne," ya ce. "Ta yaya zan iya zare masa?"

Na ce, "Shekara guda, Yaya? Ina ratsa daji, ina rantsuwa a gaban likita, kana zaune kana kallona? Me ya hana ka faɗa mini? Da na ɗebi jininsa, da an ba shi nasa, kyauta, kamar naka. Kwalba guda ta jini ce kawai."

"Na yi niyya sau da yawa."

"To me ya hana?"

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

"Kin ce zai bar gidan. Ba shi da wurin zuwa. Kuma ke in kin faɗi abu kina yi."

Na fita baranda na tsaya. Na so in koma in ce masa ƙarya yake yi, da ban kori mutumin ba. Amma ban tabbata ba. A watannin nan, da ya zo mini da maganar wani mai saifa, ban san ko zan bari ya kai ƙarshen zancen ba.

Da na koma ya nemi gafarata, kamar yadda ake yi. Na ce na yafe, domin ba a cewa mai wannan hali a'a. Bakina ne ya faɗa. Ya rasu bayan kwana tara, ranar Talata da hantsi.

A zaman makoki gida ya cika da masu yabonsa. Mutum mai hannu a sake, ba ya iya ganin wani cikin wahala, ko maganinsa bai hana mutane ba. Matan da suka kira ni marowaciya suna riƙe hannuna suna ba ni haƙuri. Na zauna cikin hijabi ina amsa amin, ina jin kamar in tashi in kore su da tsintsiya. Kirkinsa ya yi musu daɗi, su ba abin da suka rasa. 'Ya'yansa biyar ne suke zaune a ɗaka.

Mutumin shago bai shigo ba. Ranar uku na fita na same shi a gindin dalbejiya, ya haɗa 'yan kayansa a buhu. Kwana ashirin ke nan da ƙarewar ragowar maganin farko da Yaya ya bar masa, har ciwon ya fara dawo masa. Ya durƙusa zai yi magana, na ce ba na son ji. Na ce ya miƙo hannu. Na ɗaure masa dantse da ƙarfin da ya wuce yadda ake buƙata, na ɗebi jini, na ce kada ya kuskura ya bar gidan sai na dawo.

Gwaji ya nuna irin ciwon Yaya ne. Shi ma rabi ya sha duk tsawon lokacin, amma nasa inzayim ɗin bai canza ba, maganin yana kama shi tsaf. Me ya sa na Yaya ya canza nasa bai canza ba? Na tambayi likitoci, na karanta abin da zan iya, babu amsar da ta gamsar da ni. Wannan ma wani haushin ne.

Ba ya jin Turanci, bai taɓa wuce Tegina ba, kuma babu wanda zai kai shi. Na ɗauki hutu, na bi ayari na ratsa dajin, na sa shi a mota muka miƙa kudu. Yini guda muna zaune kafaɗa da kafaɗa ban ce masa uffan ba. Ya sayi ayaba a hanya ya miƙo mini, na kalli taga. Ba na son mutumin nan. Ba na son ladabinsa, ba na son yadda yake sunkuyar da kai, ba na son ganin kumatunsa suna cikowa. Na san bai roƙa ba, na san Yaya ne ya miƙa masa, sanin bai rage mini komai ba.

A asibitin, ma'aikaciyar da take buɗe fayil ta gane ni. Ta tambayi yayana, na faɗa mata, ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta nuna mutumin da biro ta ce, wannan kuma me ye shi a wurinki?

Na ce ba kowa ba ne.

Ta ce to akwai gurbin wanda za a kira in wani abu ya taso, kuma wanda zai tsaya ya ga yana shan magani yadda aka ce. Wa za ta rubuta?

Na juya na kalle shi. Yana tsaye riƙe da hularsa a hannu, bai san me muke cewa ba. Na ba ta lambata.